LibreOffice ko Microsoft Office: wanne ya dace da ofishinka?

Masu shagunan buga takardu da ma'aikatan ofis sun dame ni da tambaya ɗaya: a zauna kan Microsoft Office ko a koma LibreOffice, wata manhajar buga takardu da lissafi mai aiki irin na Office?

Ta fuskar kuɗi babu gardama. LibreOffice kyauta ne, ka saka shi a kwamfuta ɗari babu mai ce maka uffan. Microsoft 365 kuwa, wato wani nau'in Microsoft Office, haya ce, duk wata ko duk shekara sai ka biya. Da yawa dai na jabu suke sakawa, har ranar da ƙwayar cuta ta cinye musu fayil.

Wajen sauƙi, Microsoft ke gaba, don kusan kowa da Word ya koyi bugu. Za ka tsara takarda tsaf a LibreOffice, ka tura wa mai Word, ya buɗe ya tarar teburi ya karkace, sa hannun shugaba ya zame shafi na biyu.

Ɗorewa ce ta fi damun gwamnatoci. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, don kada takardun jama'a su rataya a wuyan kamfani guda na ƙetare. Amma birnin Munich na Jamus, da ya daɗe kan Linux, wato tsarin kwamfuta na kyauta mai maye gurbin Windows na Microsoft, ya yanke shawarar komawa Windows a 2017.

Makaranta, ƙaramar hukuma da ɗan kasuwa mai wasiƙu da rasit, LibreOffice ya ishe su. Akawun da ke musayar manyan lissafan Excel da bankuna kullum, gara ya biya Microsoft.