Ganyen alobera ko jel ɗin kwalba?

'Yar uwa, tsakanin ɗanyen ganyen alobera da jel ɗin kwalba da kika tambaya, ni dai ganye zan ce miki, ba wani kwana-kwana.

Tawa a tukunya na shuka ta, ba ta da cin ruwa, ko kin manta da ita sati biyu ba za ta yi fushi ba. Ranar da mai ya fantsamo min a hannu ina suya, bayan na tara wurin a ruwan sanyi sai na yanko ganye ɗaya na shafa, wallahi sanyin da na ji har cikin raina, raɗaɗin ya lafa. Haka in rana ta gasa min fuska ko fatata ta bushe tana ƙaiƙayi. Kusan kashi 99 cikin 100 na jel ɗin da ke cikin ganyen ruwa ne, shi ya sa fata ke shanye shi nan da nan ba ya barin maiƙo. Amma fa ki kula, in kin yanka akwai wani ruwa rawaya mai ɗaci da yake tsattsafowa, shi ne ke sa wasu ƙaiƙayi su ce alobera bai karɓe su ba, ki jingine ganyen a tsaye kamar minti 15 ya tsiyaye, ki wanke, ki fere ƙayar da ɓawon, na cikin mai yauƙi kawai ake so. Ragowar a firij, kar ya wuce sati.

Na kwalba kuwa, to, yana daɗewa kuma za ki iya jefa shi a jaka. Iyakarsa kenan. Wanda na taɓa saya turare ne zalla, yana nan ko rabi ban yi ba.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, masu sayarwa da yawa ba tsoron Allah. Jel na gaskiya garai-garai yake, wannan kore shar ɗin kala aka zuba. Ki juya bayan kwalbar, in Aloe barbadensis, wato sunan alobera na kimiyya, ba ya farko-farkon kayan haɗin kuma kin ga sinadarin giya (alcohol) da turare a sama, ajiye musu abinsu. Wanda ya ce miki zai sa ki fari cikin sati kuwa ko ƙarya yake ko an cakuɗa da sinadarin bilicin, alobera ba ya bilicin.

Ki nemi ɗan tsiro ki dasa kawai. Ki fara gwadawa a cikin hannu ki bari ya kwana kafin ki kai fuska, ƙuna babba ko ciwo mai zurfi kuma wannan sai asibiti.