Kafin ka biya kuɗin VPN: wa kake ɓoye wa, wa za ka damƙa wa amana?

Mutum uku ne suka fi neman VPN. Akwai wanda ya wayi gari gwamnati ta toshe shafin da yake hira ko kasuwanci a kai. Akwai ɗan gem da ake ta harbe shi tun bai ga abokin karawarsa ba, ya ji an ce VPN na rage ping, wato jinkirin da ake samu tsakanin na'urarsa da gem ɗin. Sai wanda talla ta razana, ta nuna masa wani mai baƙar riga zaune a duhu yana kwashe bayanan mutane. Su ukun nan haja ɗaya ake tallata musu, alhali maganin wannan ba lallai ya yi wa wancan aiki ba.

Aikin VPN bai da yawa. Idan babu shi, kamfanin da ke ba ka intanet yana ganin sunan kowane shafi da ka nufa, shafin kuma yana ganin adireshin IP ɗinka, wanda ke nuna ƙasarka, wani lokaci har da yankin da kake. Da ka kunna VPN, sai a kulle duk abin da ke fita daga wayarka, a aika shi wata sabar (kwamfutar da ke karɓar saƙo tana turawa) ta kamfanin VPN, daga can ya wuce inda za shi. Kamfanin layinka ya daina ganin inda ka nufa. Amma fa ganin bai ɓace ba, komawa ya yi hannun mai VPN. Don haka abin da kake saya ba ɓuya ba ne, sauya wanda ke riƙe da sirrinka ne, kuma duk cinikin a kan wannan ya rataya.

Shi mutum na uku, wanda talla ta tsorata, a taƙaice zan sallame shi. Yawancin shafuka yanzu suna da HTTPS, wato kalmar sirrinka da lambar katinka a kulle suke tafiya ko da VPN ko babu. VPN ba ya hana ka danna mahaɗin ɗan damfara, ba ya wanke manhajar leƙen asiri da ka riga ka sauke, kuma idan ka shiga Facebook ko Google da sunanka sun san kai ne, ko ta wace ƙasa ka ɓullo. In tsoron ɓarawon asusu ne ya kawo ka, manhajar adana kalmomin sirri da tabbatarwa mai mataki biyu sun fi maka amfani nesa ba kusa ba.

Ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa

Kowane kamfani zai rantse maka cewa ba ya ajiye bayanan abin da kake yi. Rantsuwa ba ta da tsada. Ni abin da nake dubawa shi ne me ya faru ranar da hukuma ta zo da takardar kotu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A 2011 kamfanin HideMyAss ya miƙa bayanan wani da ake zargi cikin masu kutse na LulzSec, aka kama shi. A 2017 PureVPN, wanda ke tallata cewa ba ya ajiye komai, ya ba hukumar FBI ta Amurka bayanan da suka taimaka aka gano wani mai bibiyar wata mata yana muzguna mata. Ba ina tausaya wa mutumin ba ne. Abin lura shi ne bayanan da aka ce babu su, ashe suna nan.

A ɗaya ɓangaren, bayan kisan jakadan Rasha a Turkiyya, Andrei Karlov, a Disambar 2016, masu bincike sun ƙwace wata sabar ExpressVPN, ba su sami abin da suke nema a ciki ba. Private Internet Access ma an nemi bayanai a wurinsa a wata shari'a a Amurka a 2016, abin da ya iya bayarwa bai kai a gane mutum ba. Sai Mullvad na ƙasar Suwidin: a Afrilun 2023 'yan sanda suka je ofishinsa a Gotenbag da takardar bincike, suka fita hannu rabbana, don babu abin ɗauka.

Wannan tarihin ya fi mini kowace talla. Bayansa sai binciken masu zaman kansu. Kamfanoni irin su Deloitte da KPMG da Cure53 kan duba tsarin wasu masu VPN su fitar da rahoto. Yana da amfani, sai dai hoto ne na rana ɗaya, kuma wanda ake bincika shi ne ya biya kuɗin binciken. Duba shekarar rahoton, ka ga ko ana maimaitawa.

Su waye a kasuwar

Mullvad shi ne mafi tsantseni. Ba ya tambayar suna ko imel. Lamba mai alƙaluma 16 zai ba ka, ita ce asusunka, har ma yana karɓar tsabar kuɗi a ambulan ta gidan waya. Ba shi da tarkon nan na "saya shekara biyu ka sami ragi", wata ɗaya da wata goma duk lissafi ɗaya ne. Rauninsa shi ne bai damu da buɗe maka Netflix na wata ƙasa ba, kuma ƙasashen da yake da sabar ba su kai na manya yawa ba. Na mai son sirri ne tsantsa.

Proton VPN na Suwizalan ne, gidan da ya yi Proton Mail. Manhajojinsa a buɗe suke tun 2020, duk mai ilimin abin zai iya karanta yadda aka rubuta su. Shi ne kuma kaɗai cikin manya da zan iya nuna wa mutum tsarinsa na kyauta ban ji nauyi ba: ba a ƙayyade maka data, sai dai na'ura ɗaya ce, kuma ba kai ke zaɓen duk ƙasar da kake so ba. Akwai abin da ya kamata ka sani: a 2021, bisa umarnin hukumomin Suwizalan, Proton Mail ya ba da adireshin IP na wani mai fafutikar sauyin yanayi a Faransa. Ɓangaren imel ne, ba VPN ba, kuma kamfanin ya ce dokar da ke kan biyun ta bambanta. Duk da haka labarin ya nuna cewa babu kamfanin da zai shiga kurkuku saboda kai.

NordVPN da Surfshark tun 2022 gida ɗaya suke, ko da yake kowa na cin kasuwarsa. Suna da sauri, sabar ta yi yawa, suna buɗe shafukan kallo, Surfshark kuma bai ƙayyade yawan na'urori ba, abin da ke da daɗi ga gida mai mutane da yawa. Tabon NordVPN shi ne an yi kutse a wata sabarsa a Finlan a 2018, bai faɗa wa jama'a ba sai a Oktoban 2019. Kutsen kansa bai dame ni kamar shirun ba. Daga baya ya koma yin bincike a kai a kai.

ExpressVPN ya fi kowa sauƙin amfani, musamman a kan rauta (na'urar da ke rarraba intanet a gida), kuma sabarsa ba sa rubuta komai a faifai, da an kashe su komai ya goge. Amma a 2021 Kape Technologies ya saye shi, kuma Kape ɗin ne mai CyberGhost da Private Internet Access. Wannan kamfani a da sunansa Crossrider, an san shi da kayan cusa talla a burauzar mutane. A shekarar nan kuma ya sayi kamfanin da ke da wasu shafukan da ke jera "VPN mafi kyau". To idan ka ga jeri ya sa 'yan gida ɗaya a na ɗaya da na biyu da na uku, ka san dalili.

Sauran na kyauta da suka cika rumbun manhajoji, masu hoton garkuwa ko maɓalli, ka bar su inda ka gan su. Sabar kuɗi take ci, wani ne ke biya. A 2015 aka gano Hola yana sayar da layin masu amfani da shi, wato wani baƙo na iya yin aika-aikarsa da adireshinka. Onavo kuwa, wanda Facebook ya saya a 2013, da sunan kariya ya shiga wayoyin mutane, yana kai rahoton manhajojin da suke buɗewa, har aka cire shi daga rumbun Apple a 2018.

Ɗan gem

A nan ne talla ta fi yin ƙarya. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kowane ƙarin kilomita 1,000 zai ɗora maka aƙalla milisakan 10 zuwa da dawowa, kafin a ƙirga tsaye-tsayen hanya. VPN zango ne aka ƙara maka a tafiya, saboda haka a yawancin lokuta ping hawa yake yi, ba sauka ba. Inda yake taimakawa shi ne idan kamfanin layinka yana zagayawa da kai ta doguwar hanya, ko yana shaƙe gudun gem da gangan. Wannan kuwa ba wanda zai faɗa maka daga nesa, sai ka gwada a layinka, a gem ɗinka, a lokacin da ka saba bugawa. Manyan kamfanonin suna ba da kwana 30 na mayar da kuɗi, ka yi gwajin a cikinsu.

Amfaninsa na gaske ga ɗan gem shi ne ɓoye adireshi. A wasannin da na'urori ke haɗuwa kai tsaye, wanda ka lallasa zai iya ganin IP ɗinka ya yi maka ruwan saƙonni har layinka ya durƙushe. Da VPN, sabar kamfani ce za ta sha dukan. In wannan ne damuwarka, nemi mai tsarin haɗi na WireGuard ko abin da aka gina a kansa, kamar NordLynx. WireGuard ƙarami ne, layukan rubutunsa kusan 4,000 ne, ya shiga zuciyar Linux a 2020, kuma ya fi tsohon OpenVPN sauri da sauƙin cin batir. Ka duba kuma ko manhajar na barin ka zaɓi abin da zai bi ta VPN da abin da zai tafi kai tsaye. PlayStation da Xbox ba sa karɓar manhajar VPN, sai dai ka sa shi a rauta. Batun sauya ƙasa don sayen gem da araha kuwa, ƙa'idar Steam, shagon sayar da gem, ta hana, kuma asusun da ka yi shekaru kana tarawa ne a bakin wuƙa.

Idan da gwamnati kake

Wannan ne ya fi nauyi, kuma sauri ba shi ne ma'auni ba. Gwamnatin da ta iya toshe shafi ta iya toshe VPN. Na'urorin tace intanet suna gane WireGuard da OpenVPN daga kamanninsu ko da ba su karanta abin da ke ciki ba. Abin nema shi ne ɓad da kama: Proton yana da Stealth, NordVPN yana da sabar da aka yi musamman don haka, Mullvad yana iya bi ta Shadowsocks. Wasu kayan ma ba na sayarwa ba ne kuma a wannan fage sukan fi. Psiphon, wanda ya samo asali a Jami'ar Toronto, don tsallake shinge aka yi shi. Tor yana bi da kai ta zango uku, babu wanda ya san farko da ƙarshe a lokaci guda, kuma gadarsa ta Snowflake tana sa zirga-zirgarka ta yi kama da kiran bidiyo. Yana da nawa, ba na gem ba ne, amma ɗan jarida da ke kare majiyarsa ya fi dacewa da shi fiye da kowane VPN na kasuwa.

Ka sauke tun kafin ranar buƙata, kuma fiye da ɗaya. Apple ya cire manhajojin VPN daga rumbunsa na Sin a 2017, ya sake yin haka a Rasha a 2024. Ranar da aka toshe hanya, shagon ma a rufe za ka same shi.

Ka san dokar inda kake. Lokacin da kotun ƙolin Burazil ta dakatar da X a 2024, ta sa tarar real 50,000 na kuɗin ƙasar a kowace rana kan wanda ya shiga ta VPN. A Indiya, umarnin 2022 ya tilasta wa kamfanonin VPN ajiye bayanan masu amfani har shekara biyar. ExpressVPN da NordVPN da Surfshark da Proton suka kwashe sabarsu daga ƙasar maimakon su bi. Wannan ma ma'auni ne mai kyau: da aka matsa, wa ya tafi, wa ya zauna? Kamfanin layinka kuma, ko bai san inda ka je ba, yakan san ka kunna VPN. Idan kuwa aka kashe intanet ɗungurungum, kamar yadda aka yi a Masar a Janairun 2011 da Kashmir a Agustan 2019, babu VPN da zai yi maka komai, don ba a haƙa rami inda babu ƙasa.

Da ni ne da kuɗin a hannu: don sirri, Mullvad. Don tsallake shinge ba tare da biya ba, Proton da Psiphon tare, da Tor a ajiye. Don kallo da gida mai na'urori da yawa, Surfshark ko NordVPN. Don gem, in fara gwadawa, in ping bai sauka ba in karɓi kuɗina. Kowanne ka ɗauka, fara da wata ɗaya, domin ragin shekara biyu yakan sabunta kansa da kuɗin da ya fi na farko, sai ka kashe sabuntawar tun ranar da ka biya. Sannan ka shiga saiti ka kunna abin da suke kira Kill Switch, wanda ke yanke intanet gaba ɗaya idan VPN ya faɗi, don a wasu manhajojin a kashe yake zuwa.