Ra'ayina kan mastas ɗin TPTI na Erasmus Mundus, ga masu ta tambaya a inbos

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonni sun yi min yawa kan wannan karatu, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce, wai ya yake, kuɗin na isa, ana samun aiki bayan an gama, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya huta.

TPTI mastas ne na shekara 2 kan tarihin fasaha da yadda ake adana tsofaffin masana'antu da tafiyar da su, jami'o'i uku ke haɗa hannu, Paris 1 Panthéon-Sorbonne a Faransa ita ke jagoranci, sai jami'ar Padova a Italiya da jami'ar Evora a Fotugal. Tun 2007 ake yinsa. Zangon farko a Paris, na biyu a Padova, na uku a Evora, na huɗu ka zauna ka rubuta kundin bincikenka a ɗaya daga cikinsu. Tarayyar Turai ce ke zuba kuɗin ta shirin Erasmus Mundus, wanda ya samu sikolashif ba ya biyan kuɗin makaranta, akwai inshorar lafiya, sannan alawus na Yuro 1,400 duk wata har wata 24.

Na san da yawanku ba ma wannan kuke nema ba, tsaron intanet kuke so, to shi ma akwai a ƙarƙashin tsarin, misali CyberMACS wanda jami'ar Kadir Has ta Istanbul da SRH ta Berlin da jami'ar Cyril da Methodius ta Skopje suka haɗa, da Turanci ake koyarwa kuma alawus ɗin ɗaya ne da namu. Wani abokina ɗan Zariya ya bi wannan layin, kullum sai ya tsokane ni wai shi yana koyon tare ɓarayin gobe ni ina gadin ƙarfen jiya. Ba zan muku ƙarya ba, wajen samun aiki da wuri nasu ya fi namu kasuwa nesa ba kusa ba. In burinka albashi ne kawai ka tsaya nan ka je ka nemi nasu.

Ni abin da ya kai ni daban. A Kakuri na tashi, Baba ma'aikacin masaƙa ne, kuma duk ɗan Kaduna ya san yadda unguwar ta koma bayan an kulle masaƙun. Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ita ce uwarsu, ta tsaya a farkon shekarun 2000, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta biyo baya a 2007. Muna wucewa ta gaban ginin muna cewa kango, ba wanda ya taɓa ce mana wai akwai mutanen da aikinsu kenan a duniya su auna irin wannan gini, su rubuta kowane inji da lambarsa da shekarar da aka ƙera shi, su zauna da tsofaffin ma'aikata su naɗi maganarsu kafin su rasu, sannan su zo da lissafin yadda wurin zai ciyar da kansa. To wannan ne ake koyarwa, kuma a nan ne nake ba su maki mai yawa.

Paris karatu ne zalla, littafi kan littafi, tarihin fasaha, yadda ake karanta tsofaffin takardun kamfani da zanen injiniyoyi. Gidan tarihin Arts et Métiers yana nan a garin, wanda asalinsa ya koma 1794, za ka ga injinan saƙa na da da idonka. Amma zangon Italiya ne ya fi shiga raina saboda a can ne ake fita a ga abu a fili. Arewacin Italiya ƙasar masaƙu ce tun da daɗewa. A Schio akwai doguwar masaƙar ulu ta gidan Rossi da aka gina a 1862, tana tsaye har yau a tsakiyar gari. Sai Crespi d'Adda kusa da Bergamo, wallahi wannan wuri ya tsaya min a rai. Wani attajiri Cristoforo Crespi ne ya kafa masaƙar auduga a bakin kogin Adda a 1878, ya gina wa ma'aikata gidaje kowanne da ɗan lambunsa, da makaranta da asibiti da coci, har maƙabarta. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, masaƙar kuma ta ci gaba da aiki har 2003, wato kusan lokaci ɗaya suka mutu da namu na Kaduna. Bambancin shi ne a can mutane na zaune a gidajen, 'yan makaranta na zuwa a mota ana zagayawa da su.

Kuma abin da na ji daɗinsa ba a ce mana mu tafa kawai ba. In ka shiga maƙabartar za ka ga ƙaton ginin kabarin iyalan mai kamfani ya tokare sama, ma'aikata kuma ga su nan a ƙasa a jere da ƙananan alamu, mutumin ya ba su komai amma kuma ya riƙe komai, gidan da kake ciki na kamfani ne, makarantar ɗanka ta kamfani ce, ina za ka sa bakin yajin aiki? An yi ta musu a aji kan wannan, wa ake tunawa in an adana masana'anta, mai kuɗin ko wanda ƙurar auduga ta cinye wa huhu. Ni dai ina ɓangaren na biyu, kuma duk gidan tarihin da na shiga na ga injina sun sha fenti babu labarin ma'aikaci ko ɗaya sai in ji an yi rabin aiki.

A Fotugal maganar ta koma kan ma'adinai da ƙasar da aka ƙwaƙule. Yankin Alentejo na da ramukan dutsen marmara a Estremoz da Vila Viçosa, da tsohuwar mahaƙar São Domingos da wani kamfanin Ingila ya riƙe har aka rufe ta a 1966, ramin ya cika da ruwa ja mai guba. Duk wanda ya san kududdufan kuza na Bukuru da kewayen Jos zai gane wurin nan take. A nan ka ke koyon cewa adana tarihi ba shafa fenti ba ne, akwai gurɓatacciyar ƙasa, akwai rigimar wa ke da fili, akwai wa zai biya. Da hutu na kai kaina Zollverein a Essen ta Jamus, mahaƙar kwal da aka rufe a 1986 ta shiga jerin UNESCO a 2001, yanzu gidajen tarihi ne a ciki, lokacin sanyi har filin zamiya kan ƙanƙara ake buɗewa a harabar. Kyau kam akwai, amma kuɗin da aka narka a wurin ba irin wanda wata gwamnatin jiha za ta fitar ba ne, kar mu yaudari kanmu.

Yanzu wahalhalun. Na farko harshe. Faransanci ne babban harshen karatun, Turanci na gefe, to 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kun fi mu 'yan Najeriya sa'a a nan, ɗan Maradi ko Damagaram da ya yi jami'a da Faransanci ya shigo kawai. Ni sai da na sha wuya, malami na zuba ina kama ɗaya ina rasa biyu, in ba ka da Faransanci mai ƙwari ka fara koyo tun yanzu kafin ka cike fom.

Na biyu ƙaura. Duk wata shida sai ka naɗe kayanka, sabon ɗaki, sabon kuɗin ajiya, sabon layin takardar zama, kana fara sanin hanyar masallaci da mai sayar da naman halal lokacin tashi ya yi. Yuro 1,400 ɗin nan kuma a ciki ne kuɗin jirgi da biza da komai suke, kar ka canza shi zuwa Naira ka fara yi wa dangi alƙawarin babur. A Paris haya kaɗai na iya cinye rabi ko fiye, kuma masu gida sai sun nemi garanto, akwai tsarin Visale da ke tsaya wa ɗalibai kyauta, ka nema tun kana gida. Wata mai gida ta riƙe min kuɗin ajiya sai da na yi ta bin ta da saƙo kamar mai bin bashin adashi. Evora da sauƙin rayuwa amma ƙaramin gari ne kuma girkin yankin naman alade ya yi masa yawa, mu kifi da ƙwai muka dogara da su, in an ƙosa a hau bas zuwa Lisbon a yi sayayya a Martim Moniz.

Na uku, kusan duk misalan Turai ne, wanda ba abin mamaki ba ne tunda can ake karatun. Layin dogo da ya iso Kano a 1911, dalar gyaɗa, marinar Ƙofar Mata, kuzar Jos, duk kai za ka ɗauko su ka kawo teburin da kanka, shi ya sa nake cewa kar ka zo ba tare da wurin da kake son yin bincike a kai ba. Ni kan masaƙun Kakuri na rubuta nawa, kuma hirar da na yi da abokan Baba ita ce ƙashin bayan aikin.

Makin da na ba TPTI 4 ne cikin 5. Yawanci ana buɗe neman gurbi daga wajen Oktoba zuwa Janairu, ka duba shafin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai da kanka ka tabbatar shirin da kake so yana da sikolashif a shekarar, don ba kullum ake samu ba, kuma kai tsaye ake nema a shafin shirin, duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi ka toshe lambarsa.