Littafin ya yi wa autata magani, amma ɗinkinsa abin kunya ne

Tun bayan ƙaramar Sallah da makwabtanmu suka tashi daga Ɗorayi suka koma Zariya, autata ta canza. Shekararta biyar. Ita da 'yar gidan tare suke tafiya Islamiyya, tare suke wasan 'yar tsana a soro, kwano ɗaya suke cin dambu. Motar kayansu na barin layi yarinya ta daina cin abin kirki, ta koma fitsarin kwancen da ta bari tun tana shekara 3. Hajiyarmu ta ce a yi mata tofi, muka yi. Babanta kuwa cewa ya yi, "Yaro ina ya san baƙin ciki? Saya mata alawa." Na saya. Ta raba biyu ta ɓoye rabi wai na ƙawarta ne, har kiyashi ya cinye.

Malamarsu ce ta kwatanta min wani ɗan littafin yara mai hotuna da Hausa, na je na samo shi wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari. Kuɗin ba sai na faɗa ba, kun san yadda takarda ta koma. Da na ga rashin kaurinsa, a adaidaita sahu na fara ƙunƙuni, na ce an cuce ni.

Bayan isha'i an ɗauke wuta, na kunna fitilar waya muka kwanta a tabarma. Labarin wani yaro ne da akuyarsa ta ɓata. Kowa ya zo sai ya ce masa ya yi shiru, namiji ba ya kuka. Abokinsa ne kaɗai bai ce komai ba, ya zauna kusa da shi a kan dakali, ya ɓare gyaɗa yana miƙa masa. A nan auta ta ɗora yatsa a kan hoton, ta nuna ƙirjinta ta ce, "Umma, shi ma nan ne yake masa nauyi?" Sai kuka. Wallahi "ya isa, yi shiru" ta zo min har baki, don da ita aka raine mu, amma na haɗiye. Na rungume ta kawai, ta yi mai isarta har barci ya ɗauke ta. Ina kwance na tuna hadisin Abu Umair, ƙanin Anas bin Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya kula da damuwarsa har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Mun haddace shi tun muna yara, ban taɓa kawo shi kan 'yata ba.

Da safe ta shanye kokonta da ƙosai biyu, ta ce a kira Zariya. Muka tura saƙon murya ta WhatsApp, aka maido mana da wani, ta saurara ya fi sau goma.

To amma fa raina ya ɓaci. Kwana huɗu tsakiyar littafin ta zazzage, kuma shafin dakalin ne ya fara fita. Na koma shagon, mutumin ko kallon littafin bai yi ba ya ce, "Hajiya, ai yara ne suka yaga." Da zare da allura na ɗinke abina. Sannan babu ƙugiya ko ɗaya a rubutun, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Yayanta ɗan aji uku ya ɗauka yana karantawa, ya ci karo da "bakin ciki", ya fashe da dariya wai dama ciki yana da baki? Littafin da za a koya wa yaro sunan abin da yake ji, a kasa rubuta sunan daidai! Da biro na bi ina lanƙwasa haruffan. Uwar yaron ma an zana ta ba ɗankwali, auta ta tambaye ni ko ba ta da lafiya ne.

Duk da haka ƙanwata ta ce in sayo wa nata, kuma zan sayo, sai dai ba a wannan shagon ba. Jiya na leƙa soro na tarar da auta ta zaunar da 'yar sababbin makwabta, littafin a juye a hannunta, tana ba ta labarin akuya da ka.