Gilashin VR na saka waya: abin kallo ne, ba na buga gem ba

Duk mai shirin sayen gilashin VR (wanda ake ɗaurawa a ido a ga hoto kamar ana cikinsa) irin wanda ake zura wa waya, ya fara duba wayar da ke aljihunsa kafin ya taya. Shi gilashin ba komai a cikinsa: akwatin roba ne da madubin ƙara girma guda biyu, da soso mai kwanciya a fuska, da maɗaurin kai. Ba batir, ba allo. Waya ce ke yin aikin gaba ɗaya. Tana raba fuskarta gida biyu, kowane ido da rabonsa, madubin kuma ya kawo hoton kusa har ka ga kamar kana ciki.

Na sayi nawa a wani shagon kayan waya da ke Bello Way a Sakkwato, naira dubu 12 har da ɗan rimot, saboda 'ya'yan yayata da suka hana ni sakat tun hutun ƙaramar Sallah. Kwalin ba ya ɗauke da sunan kamfani. Yaron shagon ya ce kowace waya tana hawa. Shiga kam tana shiga, amma sai wayar na da jairoskop, wato 'yar na'urar da ke jin juyawarta, sannan hoto zai bi kanka idan ka waiga. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. Gwajin ba wuya: buɗe bidiyon 360, wato wanda aka ɗauka ta kowane ɓangare, a YouTube, ka juya wayar hagu da dama. In hoton ya bi hannunka sumul, to, bismillah. In ya tsaya cak ko yana fizga, ka bar kuɗinka. A gidanmu na Mabera wayata kaɗai ta ci jarrabawar nan, shi ya sa yanzu da an yi la'asar ba ni da waya.

Wajen kallo ya biya kuɗinsa. Yara sun shiga ƙarƙashin teku, sun hau lilon nan mai gudu a kan dogo suna ihu har maƙwabta suka leƙo. Amma wadda ta fi ba ni mamaki Inna ce. Da farko cewa ta yi, "Ku rabu da ni da kayan ɗiya." Na lallaba na sa mata bidiyon Harami, wanda aka ɗauka a tsakiyar masu ɗawafi. Ta ɗaga kai, ta waiga baya, ta miƙa hannu za ta dafa wani alhaji da ke wucewa. "Kai, wanga abu! Ga Maƙamu Ibrahim nan, nan munka yi salla!" Daga nan ta shiga nuna wa jikoki ƙofar da suka bi shekarar da ta sauke farali, ta manta su ba sa ganin abin da take gani. Yanzu ita ma tana cikin masu layi.

Sai dai kada a sa ran hoto garau. Tunda kowane ido rabin allo yake samu, kuma an ƙara masa girma, ɗigo-ɗigon allon suna fitowa, kamar mai leƙen waje ta cikin gidan sauro. Bidiyon 360 kuma shimfiɗe yake ta kowace fuska, in tsabtar hotonsa ba ta kai matakin 4K ba dishi-dishi za ka gani, 4K ɗin kuwa data yake sha ba tausayi. Ni da dare nake saukewa.

Gem ne dai babu na kirki, kuma da dalili. Google ya fito da Cardboard, na kwali, a 2014, Samsung ya biyo da Gear VR a 2015, aka yi ta yayi. A 2019 Google ya daina Daydream, wani gilashinsa na saka waya, a 2021 ya daina sayar da Cardboard ɗin ma, masu ƙera gem suka koma wajen gilashi mai cin gashin kansa irin Quest na kamfanin Meta. Shi wannan da allonsa da batirinsa da kyamarori, ya san ka durƙusa ko ka taka gaba, ya san inda hannunka yake. Quest 2 dala 299 ya fito a 2020, a lissafa da canjin yau. Namu na roba juyin kai kawai ya sani. Ka matsa gaba, duniyar ta matsa tare da kai. Abin da ya rage a Play Store tsofaffin gem ne, wasu sun ƙi buɗewa a wayata. Rimot ɗin kuwa sai ya ga dama yake kama Bluetooth, yana nan cikin durowa.

Ga kuma zafin Sakkwato. Waya a rufe cikin akwati, haskenta a ƙure, a watan Afrilu da ake haura digiri 40: ba a jimawa take ɗaukar zafi ta rage gudu da kanta. Ina cire murfin gaba da rigar wayar, ya ɗan rage. Soson yana shan gumi, kuma ba a cire shi a wanke, ga mutum biyar na karɓa-karɓa. Na yanka tsohon ƙyalle na naɗa masa. Kada kuma a ajiye shi a tsakar gida madubin na kallon rana, musamman da waya a ciki, domin tara hasken yake yi wuri ɗaya har ya iya ƙona allo.

Jiri ma gaskiya ne. Ido na cewa ana gudu, jiki na cewa a zaune kake, sai zuciya ta fara tashi. Ƙaramin cikinsu, ɗan shekara bakwai, na hana shi gaba ɗaya. Ko Meta bai yarda wa ɗan ƙasa da shekara 10 ba. Manyan kuwa minti goma-goma, a zaune kan tabarma, tun ranar da babbansu ya yi karo da randa yana gudun kifin shak.