Wasiƙa daga Tennessee kan Hanyoyin Ƙafa na Gandun Dajin Smoky

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya, ga amsar tambayar da kuka yi mini game da inda muke kai yara shan iska a nan Amurka, da abin da hakan yake ci mana.

Gandun dajin Great Smoky Mountains yana kan iyakar jihohin Tennessee da Carolina ta Arewa, an kafa shi a 1934, kuma duk gandayen dajin ƙasar babu wanda ya kai shi baƙi, domin sun haura miliyan 12 a 2024. Ba a karɓar kuɗin shiga, sai dai tun 2023 wanda zai ajiye mota fiye da minti 15 dole ya yanki takarda, dala 5 ta yini, dala 15 ta mako, dala 40 ta shekara. A kan mota ake biya, don haka mai iyali da yawa shi ne da riba.

Duk da wannan cunkoso, jama'a sun fi yin tururuwa a wurare kaɗan, kamar ƙololuwar Kuwohi da kwarin Cades Cove, suna barin sauran hanyoyin kusan wayam. Ma'aikatan ofishin baƙi na Sugarlands su ne suka nuna mana hakan a kan taswira, bayan sun tambayi shekarun ƙaramin yaronmu da ko akwai tsoho a cikinmu. Kusa da ofishin akwai wata hanya da ba ta kai kilomita ɗaya ba, an shimfiɗa mata siminti domin keken guragu da keken tura jarirai, ga kujerun hutawa a bakin rafi. Wadda na fi so ita ce ta Little River a Elkmont, wadda ta bi tsohon layin dogon da aka yi jigilar katako a kansa kafin a killace dajin, shi ya sa take da faɗi kuma hawanta ba ya sa haki. A ɓangaren Carolina kuwa, hanyar gefen kogin Oconaluftee tana kaiwa garin Cherokee, kuma da yamma akan ga manyan barewar nan da ake kira elk, waɗanda aka dawo da su dajin a 2001. Akwai baƙaƙen beyar a dajin, kuma doka ta hana matsawa kusa da su ko da barewar ƙasa da yadi 50.

A ganina, ba tsaunin ne ya fi namu ba. Kuwohi mita 2,025 ne, alhali Chappal Waddi na Gashaka Gumti ya kai mita 2,419, kuma ban ga ruwan da ya kama ƙafar na Wikki a Yankari ba. Inda suka yi mana nisa shi ne ƙananan hidimomi: allo a bakin hanya da ke faɗin nisanta, banɗaki mai tsabta a wuraren ajiye mota, da kwandon shara mai murfin ƙarfe wanda beyar ba za ta iya buɗewa ba.

Akwai kuma abin da gida ya fi. A cikin dajin ba za ku sami mai shayi ko mai tsire ba, abincin garin Gatlinburg da ke bakin ƙofa yana da tsada, kuma na halal sai an sha nema, saboda haka mukan yi guzurin dambun nama da shinkafa daga gida. Babu wurin salla, sai dai mu yi alwala a rafi mu shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Waya ba ta kamawa a yawancin wuraren, kuma wanda ba shi da mota zai sha wuya.

Idan Allah Ya nufa Baba ya samu biza, ku shirya zuwansa a watan Mayu ko Satumba, domin a Oktoba masu kallon sauyin launin ganye sukan cika tituna har mota ta kasa motsi. A gaishe mini da Inna da yara.