Daga Pontedera zuwa Tawa: bayani a kan tsohuwar basfar da na saya da wadda Baba ya bari

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da Inna da sauran mutanen gida, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na ga maganganu biyu da ka haɗa a cikinsa, ko da yake ta farkon ta fi kama da faɗa. Ka ce hoton da na aiko ranar Sallah ya jawo maka dariya a fada, ana cewa ƙanenka ya shekara tara a Turai amma ya ƙare a kan basfar da ko ɗan kabu-kabu ba zai karɓa kyauta ba. Ta biyu kuwa ita ce masu sayen tsohon ƙarfe sun taya basfar marigayi Baba da ke jingine a zaure jika 25, kana tunanin ko a sallama musu ko kuwa a aiko mini da ita in sayar a nan. Amsar magana ta biyu tana cikin ta farko, saboda haka zan fara da tawa.

Garin da nake zaune, Pontedera, kusa da birnin Pisa, shi ne mahaifar wannan moto. A nan masana'antar Piaggio take, kuma a nan aka fara ƙera Vespa a shekarar 1946, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya bar Italiya da rusassun hanyoyi da mutanen da ba su da halin sayen mota. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne, shi ya sa ba ta yi kama da sauran motoci masu ƙafa biyu ba: jikinta fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka haɗe shi wuri ɗaya, injin yana ɓoye a gefen dama kusa da tayar baya, babu sarƙa, kuma akwai garkuwa a gaba da ke kare ƙafafu daga taɓo. Wannan ne ma dalilin da ya sa iyayenmu suka so ta, domin mutum zai hau da babbar riga ya sauka a ƙofar masallaci ba tare da ɗigon baƙin mai a jikinsa ba. Sunan kuwa a harshensu zanzaro yake nufi, saboda siririn ƙugunta da ƙarar injinta. Tun shekarar 2000 akwai gidan tarihi a cikin tsohon ginin masana'antar, kuma na ga baƙi daga ƙasashe masu nisa suna tsayawa gaban irin wadda kaji ke kwana a kanta a zaurenmu suna ɗaukar hoto.

Tawa samfurin PX 125 ce ta shekarar 1982, kuma na saye ta yuro 2,800. Da yake yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, kuɗin ya kama miliyan 1 da jika 836 da ɗoriya, abin da na san zai sayi sababbin motocin Sin fiye da biyu a Tawa, har a yi walima da canjin. Na san wannan lissafi ne zai fi ɓata maka rai. Amma a nan tsufa ba ya karya darajar irin wannan kaya, ƙara ta yake yi, tun da an daina ƙera PX ɗin gaba ɗaya kuma masu nemanta ba su ragu ba. Sabuwar moto ta roba da abokin aikina ya saya a shekarar da na sayi tawa ta riga ta zubar da kusan rabin kuɗinta, ni kuwa sau biyu ana tare ni a bakin kanti ana tambaya ko ta sayarwa ce. Ba don ado na saye ta ba: ita ke kai ni majemar da nake aiki a Santa Croce sull'Arno, tafiyar kilomita 20 ko kusa da haka, a lokutan da jirgin ƙasa bai dace da aikin asuba ba.

Abin da ya fi ba ni wahala ba kuɗin ba ne, takardu ne, kuma a nan ne bambancinmu da su ya fi fitowa fili. A gida idan an yi ciniki an tafa, aka miƙa lakile gaban shaidu biyu, magana ta ƙare, kart giriz ɗin ma sau da yawa tana ci gaba da ɗaukar sunan mai ita na farko har motar ta mutu. A nan kuwa moto tana da rajista kamar yadda fili yake da ita. Akwai ofishin rajistar ababen hawa da ake kira PRA, kuma kafin ka biya ko dala ɗaya ya kamata ka nemi a duba maka lambar, domin idan mai ita yana da bashin hukuma ana iya ɗaure motar a takarda, ta yadda ba ta da izinin hawa titi ko da injinta lafiya lau yake. Basfa ta farko da na je gani, a wani ƙauye cikin tuddai, ta fi tawa kyau kuma ta fi araha, amma an soke ta daga rajista tun shekaru masu yawa saboda an daina biyan harajinta, takardunta kuma sun ɓace. Mai ita ya yi ta rantsuwa cewa gyaran takardun ba wani abu ba ne. Wani dattijo ɗan Senegal da ya riga ni zuwa ƙasar ne ya ja ni gefe ya ce mini sake yi mata rajista zai ci watanni da kuɗin da ya kusa kai na sayen, na kuwa gode masa na juyo. Wadda na saya daga baya, sai da na kai takardar izinin zama, da shaidar cewa ina da mazauni a garin, da lambar haraji, sannan na biya kusan yuro 170 aka mayar da ita sunana. Baƙon da bai daidaita zamansa ba, ko yana da kuɗin a aljihu, ba zai mallake ta da sunansa ba.

Farmin tuƙin da na zo da shi daga Yamai shekara ɗaya kawai ya yi mini amfani bayan na samu mazauni, kuma ba a musanya shi da nasu, dole na koma makarantar tuƙi na zauna jarrabawa da harshen Italiyanci, wadda na faɗi a karon farko. Sauƙin da na samu shi ne farmin ƙaramar mota a Italiya yana ba mutum damar hawa moto mai injin 125 a cikin ƙasar, shi ya sa ban nemi mai 150 ko 200 ba, ko da yake sun fi ƙarfi a hawan tudu. Asirans tilas ne, kuma ba a duba shi da ido kamar yadda jandarma ke yi a hanyar Ƙwanni, da lambar moto ake gane wanda bai biya ba. Sabon shiga yana farawa daga mataki mai tsada, sai ya yi shekaru ba haɗari ake rage masa. Duk shekara biyu kuma sai an kai ta an gwada birki da fitila da hayaƙi a kan yuro 79, wato kusan jika 52. Wuri ɗaya ne tsufanta ya yi mini rana a wajen hukuma, domin abin hawan da ya haura shekara 30 an ɗauke masa harajin shekara, sai ɗan abin da ba a rasa ba idan ana hawansa. Sai dai wannan tsufan ne kuma ya sa a Milano da wasu manyan birane aka hana irin injinta shiga saboda hayaƙi, don haka tawa ta ƙananan garuruwa ce.

Injin nata irin wanda ake gauraya wa mai ne, kamar yadda ka tuna Baba yana yi da ƴar kwalbarsa: kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na man inji a kowace lita ta esans. Sau da yawa babu mai zuba maka a gidan mai, kai za ka sa katinka ka ɗauki tiyo da hannunka, kuma babu mai sayarwa a kwalba a bakin hanya idan ya ƙare maka. Lita tana kai mini yuro 1.75 ko kusa da haka, fiye da jika ɗaya ke nan, alhali ku tun watan Yulin 2024 aka mayar muku da ita sefa 499, dala ɗari ba tamma guda, albarkacin matatar Damagaram. Da lita ɗaya nakan yi kilomita 30 idan ban matsa mata ba.

Maganar gyara ita ce na fi so ka saurara da kyau, domin ita ce ta shafi basfar Baba. A nan kayan gyara ba su da wuyar samu ko kaɗan. Duk abin da ke jikin wannan moto, daga fistin da ringi har zuwa ƴar robar da ke riƙe murfin gefe, ana ƙera sabonsa har yau, kana zaune a ɗaki za ka yi oda ta intanet a kawo maka ƙofar gida cikin kwana biyu ko uku, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ke da tsada shi ne hannun mutum. Makanike yana lissafin aikinsa da awa, nawa yuro 40 yake karɓa, jika 26 ke nan a kowace awa, kuma ba ka zuwa ka tsaya a kansa, sai ka nemi rana an rubuta maka, wani lokaci bayan mako biyu. Ba ya kuma gyara abin da ya lalace, cirewa yake yi ya sa sabo. Na tuna masu gyara na bakin tasha a Tawa, waɗanda za su yanka kwalin madara su fitar da gasket, su ɗaure wayar kuloci da ta tsinke ta sake shekara guda, su karɓi abin da bai kai kuɗin shayin safe na nan ba. Mu muna da hannu ba mu da kaya, wanda kuma aka samu a Katako ko aka hauro da shi daga Najeriya sai an yi sa'a ba jabu ba ne. Su kuwa suna da kaya, hannun ne ya yi musu ƙaranci. Tsadar nan ce ta mayar da ni makanike ƙarfi da yaji. Yanzu ni nake wanke kafireta, in canja buji, in ja sabuwar wayar bitas, in sauya taya da safayar da ke ɓoye a ƙarƙashin murfin hagu, kuma ban taɓa yin wannan ba sai na ji kunyar yadda muke raina masu gyaran gida muna yi musu ciniki a kan dala hamsin.

Akwai kuma abokin gaba ɗaya da ku ba ku san shi ba sosai, wato tsatsa. Ruwan sama da danshin hunturu suna cin ƙasan basfa daga ciki, kuma da yake jikinta shi ne ƙashin bayanta, idan ya ruɓe motar ta tafi. Shi ya sa mai saye a nan yake durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya saurari injin. Ƙurar Adar tana toshe kafireta, rana tana busar da roba da kujera, amma ba sa cin ƙarfe, saboda haka ina kyautata zaton jikin basfar Baba ya fi na da yawa daga waɗanda ake sayarwa a nan lafiya.

Duk da haka ban ga hikimar aiko ta ba. Sai an biya kuɗin mota zuwa tashar jirgin ruwa, wanda ya ƙaru tun da hanyar Kwatano ta rufe aka koma bi ta Lome, sannan kuɗin jirgi, sannan duwan da harajin kashi 22 cikin 100 a nan, kafin a zo ga yi mata rajista, abin da ba zai yiwu cikin sauƙi ba idan babu takardunta na asali. Masu saye a nan kuma suna ɗari-ɗari da basfar da aka gyara a waje, saboda an sha kawo musu waɗanda aka lulluɓe ruɓaɓɓen ƙarfensu da sabon fenti. Bayan wannan akwai tambayar da sai an amsa ta tukuna: shin Vespa ce ta Italiya, ko kuwa Bajaj Chetak ce ta Indiya, wadda aka fara ƙerawa a 1972 a kan fasalin Vespa Sprint, tun da mu duka basfa muke ce musu? Idan ta Indiya ce, kuɗinta a nan ba zai biya ko jigilarta ba. Jika 25 ɗin da aka taya kuwa kuɗin nauyin ƙarfe ne kawai, kuma ko fitilarta ta gaba da tambarin da ke jikin garkuwar, idan na asali ne, sun fi haka.

Abin da nake roƙonka shi ne ka dakatar da masu tsohon ƙarfen, ka sa yara su fito da ita tsakar gida su share ta da busasshen tsumma, kada a wanke ta da ruwa, kada kuma a yi ƙoƙarin tayar da ita da tsohon man da ke cikin tanki. A cire murfin gefe biyun a duba bakin jikin ta baya, za a ga lamba da aka buga a kan ƙarfen. Idan ta fara da VLB1T to Sprint 150 ce, idan kuwa VBC1T ce to Super 150 ce mai ƙananan tayu. Ka ɗauko mini hoton lambar, da na injin, da na ƙarƙashinta, sannan ka tambayi Inna ko kart giriz ɗin tana cikin akwatin ƙarfen da Baba yake ajiye takardun gona. Da zarar na san samfurinta zan haɗa fistin da ringi da wayoyi da robobin inji in ba wani ɗan Illela da zai zo gida bayan azumi, kai kuma ka nemo mana tsoho a cikin makanikan garin wanda ya taɓa buɗe irin wannan injin, ba yaran da suka tashi a kan motocin Sin ba. Kuɗin aikinsa ni zan biya, kuma kada a yi masa ciniki.

A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana cikin saƙon da zai zo tare da kayan.

Ƙanenka, daga Pontedera.